Ɗinkin Ƙarshe na Ɗantani Baduku

Tun da idanun Ɗantani suka fara mutuwa, unguwar Koki ta koma masa kamar garin da ake hangowa a ƙarƙashin ruwa. Katangu sun daina tsayawa cik, sai su riƙa lilo a hankali. Mutane kan taho ta lungu kamar inuwa, ba ya gane su sai sun yi sallama. Likitan ido bai ɓoye masa komai ba: ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke tafiya, maganin ɗigawa rage mata sauri kawai zai yi. Abin da ya rage masa ɗan zagayen haske ne a tsakiyar duhu. Da bazara faɗinsa ya kai faifai. Yanzu da kaka ta shigo bai fi bakin kofin shayi ba, kuma ba ya buɗewa sosai sai da hantsi, lokacin da rana ke faɗowa a bakin zauren gidan Malam Isiyaku. A nan yake shimfiɗa buzunsa. Awa biyu, wata rana ma ba ta cika, sai hasken ya rufe.

A wannan zaure ya yi shekara hamsin da ɗoriya yana dukanci. Yana saurayi mahaifinsa ya kawo shi daga ƙauyensu na kudancin Kano, ya danƙa shi ga Alhaji Muttaka, mahaifin Isiyaku, don ya koyi ɗinkin fata. Kowa a unguwar ya san Kirista ne. Sun san ranar Lahadi ba a samunsa. Yakan fita ta Ƙofar Mazugal da farar taguwarsa, ya ratsa Fagge zuwa cocinsu a Sabon Gari, inda ake sujada da Hausa. Sau biyu da gari ya rikice, Isiyaku ya tura shi cikin gida, shi kuma ya zauna a bakin zaure da carbinsa har hankali ya kwanta. Ba su taɓa ta da zancen ba bayan haka.

Aikin gidan kuwa gafaka ne da tadarishi, wato jakar Alƙur'ani da bango mai tauri da ke riƙe takardunsa. Ɗantani ya ɗinka gafaka fiye da yadda zai iya tunawa, amma bai taɓa sa hannu a kan littafin da ke shiga cikinta ba. Haka Alhaji Muttaka ya tsara tun ranar farko. Mai littafi zai auna da zare, ya yi ƙulli uku, na tsawo da na faɗi da na kauri, ya kawo zaren. Ɗantani ya zaɓi guntun katako mai wannan girma daga cikin waɗanda ke jere a jikin bango, ya ɗinka fatar a kansa. Duk rayuwarsa yana gina ɗaki ga baƙon da bai taɓa gaisawa da shi ba, kuma abin bai dame shi ba.

Bara da damina zazzaɓin taifot ya kwantar da shi har aka fara cire rai. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tana aure a nesa. Ikilisiya ce, wato jama'ar cocinsu, ta ɗauke shi. Maza suka kai shi asibiti suka dawo da shi, matan Zumunta, ƙungiyar matan cocin, suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowace da ranarta. Sukan shigo cikin birni lulluɓe da mayafi, da kunu a fulas, su zauna a gefen tabarmarsa su yi waƙa ƙasa-ƙasa kamar masu lallashin jariri, don kada su takura wa maƙwabta. Cikin zafin zazzaɓin ba ya rarrabe muryarsu da ta mahaifiyarsa. Ji yake kamar ana miƙa shi daga hannu zuwa hannu, kuma babu hannun da ya sake shi.

Da ya warke, Lahadin godiya ta zo. Al'adar cocinsu ce, in kaka ta yi, kowa ya kawo baiko daga abin da hannunsa ya yi a shekarar, ya taka rawa da shi har gaban bagade, teburin da ake ajiye baikon. Manomi ya kawo dami, tela ya kawo riga, mai tuya ta kawo ƙosai. Ɗantani bai yi aikin kirki ba a wannan shekara. Sai ya miƙe a gaban jama'a, ya nuna babban Littafi Mai Tsarki da ke kan mumbari, wanda bangonsa ya yage tun da daɗewa har an ɗaure shi da robar tayar keke, ya ce, “Baɗi war haka, in Ubangiji ya bar ni, da hannuna zan yi wa littafin nan riga.” Aka yi tafi. Mama 'Yardada, shugabar Zumuntar Mata, ta rangaɗa guɗa.

Ya je majema da kansa ya zaɓi fatar jar akuya, ba tabo ba huji, aka rina ta da karan dafi. Ya auna littafin, ya naɗe fatar ya ajiye. Daga nan shekarar ta zame masa. Isiyaku ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aikin gidan duka ya dawo kan Ɗantani, ga jinya. Yau ne, gobe ne, ido kuma yana tafiya. Ran Litinin ɗin nan da ya warware fatar a kan buzu, saura kwana shida Lahadin godiya, kuma ya san hantsi shida ɗin nan aiki ɗaya za su ɗauka, ba biyu ba. Bayan su ma bai tabbata zai sake ganin ramin basilla ba.

Yana shafa fatar da tafin hannu ya ji takun Husaina, 'yar Isiyaku, wadda ta baro gidanta ta dawo jinyar uban. Ta durƙusa a gefe.

“Kawu, ina kwana.”

“Lafiya lau, Husaina. Yaya mai jiki?”

“Da sauƙi.”

“Sauƙin da ake faɗa, ko na gaske?”

Ta kauce wa tambayar, ta ce, “Alƙur'anin Kaka ne, na rubutun hannu. Jiya na sauko masa da shi, ashe gara ta bi bango ta cinye gafakar da tadarishin. Allah ya tsare takardun, gefe kaɗan ta taɓa. Ka san ba ɗinkakku ba ne, ɗai-ɗai suke. Yanzu haka a zanina suke ƙunshe. Kawu, ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai jiya.”

Ɗantani ya ci gaba da shafa fatar.

“Na shiga kasuwa na sayo masa wata jaka mai zif. Da ita ya jefe ni. Da hannun hagu fa, kuma ya same ni.” Ta yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. “Ba roƙo na zo ba. Ya ma ce in na gaya maka bai yafe min ba. Ni dai kasa riƙewa na yi.”

Ɗantani ya naɗe fatar, ya lalubi bango ya shiga ciki. Ɗakin Isiyaku duhu ne a gare shi gaba ɗaya. Da numfashi ya gano inda gadon yake.

“Wa ya kira ka?” in ji Isiyaku. Maganar tana fita a karkace, kamar an tauna ta.

“Ƙafata ce.”

“To ta mayar da kai. Na san yarinyar nan ta kai maka tsegumi. Na kuma san fatar da kake ajiya. Ta wancan littafin ce. Alkawari ka yi a gaban jama'a, da bakinka ka gaya min.”

“Na yi.”

“To kada ka kuskura. Ba zan shiga kabari da alkawarin wani a wuyana ba. Nawa ma sun ishe ni.”

“A kai wa dukawan kasuwa mana, Malam.”

“Masu manna fata da gam? Gara ya zauna a zanin.” Ya yi tari. “Ɗinkin gidan nan mu biyu muka rage. Ni ba hannu, kai ba ido. Shi ke nan, an gama. Je ka yi wa Ubangijinka aiki.”

“Nawa daban ne da naka?”

“Kada ka ja ni gardama da rabin baki, Ɗantani. Lokacin da nake da cikakke ma ba ka ji ba.”

Ɗantani ya kama hannun Isiyaku na dama, wanda ya mutu, ya gyara masa shi a kan bargo. Hannun ba nauyi, kamar karan dawa. A nan ya san abin da Husaina ta kasa faɗa: mutumin nan ba zai jira wani aiki ya ƙare kafin a yi nasa ba.

Ya koma zaure ya zauna, hasken ranar yana ta tafiya a banza. Wayarsa tana aljihu. Sau uku ya taɓa ta don ya sa a kira masa Fasto Mailafiya, sau uku ya fasa. In fasto ya ce cika alkawarinka, ya sami wanda zai ɓuya a bayansa. In ya ce yi wa abokinka, nan ma ya sami maɓoya. Shi kuwa bai ga dalilin da zai sa wani ya ɗauki abin da shi ya ƙulla da bakinsa ba.

Ya fara tuhumar kansa. Alkawarin nan, na Ubangiji ne ko na guɗar 'Yardada? Sau nawa ya kwanta yana hango kansa yana taka rawa da jan bango a ɗage sama, mutane na miƙa wuya? In don wannan ne, karya shi ba asara ba ce. Amma matan nan da suka ratso birni da kunu, ba don su gan shi yana rawa suka zo ba, kuma shi ba shi da wani abin da zai ce musu ya gode da shi sai ɗinki. Sai ya juya ta ɗaya gefen, nan ma bai sami kansa da tsabta ba. Wataƙila gafakar yake so don hannunsa ya san ta ko a barci. Wataƙila tsoro yake ji kada ya ɓata bangon babban littafi a gaban jama'a su gane ya makance, shi ya sa tausayin Isiyaku ya zo masa a kan gaɓa. Duk inda ya dafa a zuciyarsa sai ya ji akwai wani abu a ƙasa.

Rana ta yi tsaka. Lungun ya yi tsit, sai kukan kurciya daga kan wata katanga. Ya jingina da bango, bai san ko barci yake ba. Ya ga cocin ƙauyensu, ginin ƙasa da rufin kara, da guntun ƙarfen da ake bugawa a maimakon ƙararrawa. Ya ga mahaifiyarsa tana tafe da damin dawa a ka, zangarniyar tana rausaya, ita kuma ba ta taɓa ƙasa. A bayanta matan Zumunta ne jere, sai dai ba cocin suka nufa ba, lungun Koki suka biyo, suna wucewa ta gaban zauren ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta dube shi. Babu wadda ta ce yi, babu wadda ta ce bari. Daga ƙarshe Alhaji Muttaka ya zo ya tsaya a kansa, ya dubi hannuwansa kawai, yadda yakan yi in zai duba aiki. Kiran sallar azahar ne ya dawo da shi.

Da la'asar Husaina ta fito da kwanon abinci, ya ce mata, “Ki auno min littafin da zare. Ƙulli uku.”

“Kawu...”

“Sani kawai nake so in yi.”

Washegari da hantsi ya shimfiɗa fatar. Zare biyu ne a gabansa, dogo na babban littafin coci da gajere na Alƙur'anin Alhaji Muttaka. Fatar in an yanka ta a kan gajeren, ba za ta ƙara isar dogon ba har abada. Ya rufe ido ya yi addu'a, bai roƙi a nuna masa alama ba, cewa kawai ya yi, “Ya Ubangiji, kana gani.” Da ya buɗe, zagayen hasken yana kan yatsunsa, kuma gajeren zaren ne a cikinsu. Ya ɗauko katakon da ya dace, ya ɗora aska. Fatar ta rabu da ɗan sauti kamar ajiyar zuciya.

Isiyaku ya ji labari ya yi fushi. Ranar bai ci abinci ba, ya ce kada wanda ya ƙara ambata masa sunan mutumin nan. Ran Laraba sai ya ce ɗakin ya yi masa zafi, a fitar da shi zaure ya sha iska. Aka shimfiɗa masa katifa kusa da buzun. Ya juya wa Ɗantani ƙeya. Bai daɗe ba ya juyo.

“Ka kauce daga layi.”

“Na ɗauka ba ka magana da ni.”

“Ba da kai nake ba, da basillar nake. Koma baya huji biyu. Hagu. Hagu na ce, kai ba ka san hagunka ba?”

Haka suka yi sauran kwanakin. Ɗantani yana hudawa yana jan siririn zaren fata, Isiyaku yana kwance yana faɗa. Wani lokaci hasken yakan ɗauke gaba ɗaya, Ɗantani ya ci gaba da yatsu kawai, muryar abokinsa tana ja masa gora, har ya riƙa jin kamar su biyun mutum ɗaya ne da aka raba. Wani lokaci Isiyaku ya yi barci a tsakiyar faɗa, Ɗantani ya dakata, ya saurari numfashinsa, sai ya ji ya dawo sannan ya ci gaba. Kullum zagayen hasken ƙara tsukewa yake. Ran Asabar da ya ƙulle zaren ƙarshe, bai fi kwabo ba.

Husaina ta yi alwala, ta jera takardun a cikin tadarishi, ta zura a gafaka. Ya shige ɗas, ba matsi ba sako-sako. Ta ɗora wa uban a ƙirji. Isiyaku ya rungume shi da hannun hagu. Ɗantani yana jin ƙamshin sabuwar fata da numfashin mutum mai ƙoƙarin kada ya yi kuka.

“Gobe me za ka ce musu?” in ji Isiyaku.

“Abin da ya faru.”

“To ka haɗa da cewa na hana ka, ka ƙi ji. Kada a ce ni na sa ka.”

Ran Lahadi ya sa farar taguwarsa. A da da ƙafa yake zuwa, yanzu sai da Husaina ta raka shi bakin titi ta tsayar masa da adaidaita sahu. Fagge ta wuce ta gefensa kamar launuka da aka zuba a ruwa. Hannuwansa suna kan cinya, ba komai a cikinsu, bai san inda zai sa su ba.

Tun daga ƙofar coci ƙamshi ya tare shi: sabuwar dawa, ɗanyen rake, ƙosai, kashin kaji. Matan Zumunta suna buga tulu da tafin hannu, sautin yana fitowa kamar daga cikin rijiya. Ya laluba ya zauna a bencin baya. Ya so a ce ba mai ganinsa. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka fara kiran masu baiko. Yana jin su suna wucewa ta gefensa da rawa, manoma da damuna, wani makanike da galan na man inji da aka yi ta yi wa dariya, wata da kaji biyu da suka ƙi yin shiru. Ya san kowa da takunsa. Waɗannan ne suka ɗauke shi bara. Son su ya cika masa ƙirji har ya ji zafi.

Sai kiɗa ya tsaya, muryar Fasto Mailafiya ta fito ta lasifika, cike da murna.

“'Yan'uwa, akwai wanda muke jira tun bara. Kun ga na riga na kwance robar nan, yau ta gama aikinta. Baba Ɗantani, bismilla.”

Tulu ya ɗauka. Aka fara tafi. Ɗantani ya miƙe, ya bi tsakanin bencina yana dafa su, ba rawa. Yana jin tafin yana raguwa jere bayan jere, yayin da mutane ke ganin hannuwansa. Kafin ya kai gaba, kiɗan ya mutu da kansa.

Aka miƙa masa abin magana, ya ƙi karɓa. Da muryarsa ya yi.

“'Yan'uwa, ban kawo ba. Fatar na saya, lokacin ma na samu, ni na yi ta jinkiri. Da ya rage min kwana shida da ɗan ganin da bai fi na aiki ɗaya ba, sai na ɗinka wa maigidana Malam Isiyaku gafakar Alƙur'anin mahaifinsa. Yana kwance, ba na jin zai tashi. Bai roƙe ni ba, hana ni ma ya yi, na ƙi ji. Ban zo in ce na yi daidai ba, don ban sani ba. Na zo ne in ce alkawarin da na yi a gabanku na karya shi, kuma idona ya tafi. Abin da kuka yi min bara ban manta ba. Ba ni da abin da zan nuna, shi ke nan.”

Ɗakin ya yi tsit, har kajin. Daga jeren dattawa wani ya yi gyaran murya. Dattijo Ɗalha ne, mai kiwon awaki a bayan gari, mutum mai son a bi ƙa'ida.

“Fasto, a yi min haƙuri. Abin da aka keɓe wa Ubangiji an keɓe. Ba a ɗauka a kai wani wuri, komai kyan dalili. In yau mun yi shiru, gobe kowa zai yi alkawari ya zo da labari.”

Wasu suka ce haka ne. Ɗantani ya gyaɗa kai, don shi ma ya faɗa wa kansa wannan magana tun ran Litinin.

Fasto ya juyo wajen Ɗantani. “Baba, ba ni ka yi wa alkawari ba, saboda haka ba ni da ikon ce maka an sauke maka shi. Kuma mutumin da ya rufa wa mai mutuwa asiri, bakina ba zai iya ce masa ya yi laifi ba. Gaskiya ban san abin da zan ce ba.”

“To tun da ba ka sani ba, matsa.” Mama 'Yardada ce. Ya ji ƙarar awarwaronta tana tahowa, ta zo ta tsaya daf da shi har ya ji ƙamshin man zafi da take shafa wa gwiwa. “Ɗantani, kai ka cika son wahalar da kanka. Wa ya ce maka littafin nan yau zai gudu? Shekara nawa yana ɗaure da roba, ka taɓa jin Ubangiji ya ƙi sauraron karatu? Ranar, kai ka sa ta. Alkawarin kuwa yana nan a wuyanka, ba wanda ya cire maka.”

“Mama, ba ni da fata, ba ni da ido.”

“Ido? Duba... au, yi haƙuri. Mu talatin da biyu ne a Zumunta, kowace da biyu, ban da Mardiya da ke da ɗaya da rabi.” Dariya ta ɓarke, wata murya daga cikin mata ta ce, “Mama, Allah ya isa!” 'Yardada ba ta kula ba. “Duk Laraba muna nan. Ka zo da basillarka, mu zauna a kanka, in ka karkace mu gaya maka. Ko shekara za ka yi, ka yi. Fata kuma...” Ta juya. “Dattijo Ɗalha, akuyar can da ka ɗaure a jikin taga, ja ce ko idona ne?”

“Ta baiko ce,” in ji Ɗalha da sauri.

“To da me muke magana? Naman na masu dafa abincin godiya, fatar ta littafi. Ko tana da wani wurin zuwa?”

Aka sake dariya. Ɗalha bai yi ba. Ɗantani ya ji takunsa mai nauyi ya nufi taga, ya ji kukan akuya, sannan aka cusa masa igiya a hannu.

“Ni dai ban ce ka yi daidai ba,” in ji Ɗalha ƙasa-ƙasa.

“Ni ma ban ce ba.”

“Riƙe da kyau, tana da ƙarfi.”

Fasto ya nemi robar ya mayar wa littafin. 'Yardada ta ce ai ba a karɓar baiko a tsaye, sai an tako da shi, don haka aka mai da Ɗantani bakin ƙofa, shi da akuyar, aka ce a sake daga farko. Kafin kiɗa ya tashi ya sunkuya ya shafa bayanta, daga wuya zuwa gindi, yadda yake shafa kowace fata. Gashin santsi, jikin da ɗumi, zuciyarta tana bugawa a tafin hannunsa. Akwai ɗan tabo a kafaɗar hagu. Za a iya kauce masa.

Tulu ya ɗauka, murya ɗari biyu suka hau kai. Ba ya ganin kowa, sai launuka suna tashi suna sauka a gefe da gefe kamar gonar dawa in iska ta bi ta kanta. Har yanzu bai san amsar abin da ya dame shi ba, amma ya ji hannuwa suna taɓa kafaɗarsa yayin da yake wucewa, kowane jere da nasa. Bakinsa yana ta cewa na gode, na gode, bai ware wa yake gaya wa ba. Akuyar kuwa ta hango damunan dawa da aka tara a gaban bagade, ta miƙa wuya ta ja igiya. Ɗantani ya sakar mata, ya bi ta yana taka rawa, don ta fi shi ganin hanya.